Motar Farko a Zafin Sakkwato: Yadda Wata Malamar Jinya Ta Zaɓi Tata

Wadda wannan bayani ya shafa malamar jinya ce a wani asibitin gwamnati cikin garin Sakkwato. 'Yar yayata ce, tana zaune a Mabera da maigidanta da 'ya'ya uku. A ƙarshen 2024 ta haɗa naira miliyan 6, daga kwasar adashi, da rabonta na wani filin gado da aka sayar, da abin da maigidan ya ƙara mata. Dalilinta na neman mota a fili yake. Tana aikin dare, maigidan ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya, kuma tsayuwa bakin titi bayan isha'i tana jiran Keke Napep ta ishe ta. Ga yara da ake kaiwa boko da safe, Islamiyya da yamma, ga mahaifiya a Yabo da take dubawa duk wata. Ta gama makarantar koyon tuƙi, amma ba ta taɓa fita titi ita kaɗai ba. Ni an sa ni cikin maganar ne saboda na daɗe ina tuƙi, motar ofis da tawa.

Lokacin bai yi wa mai sayen mota daɗi ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Dala ma, bayan an sakar wa kasuwa farashinta a Yunin 2023, ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500. Kusan duk motar da ke kan titinmu da kuɗin waje aka shigo da ita, kayan gyaranta ma haka. Kuɗin da a da zai sayi 'yar Beljiyam mai sheƙi, yanzu iyakarsa wadda aka daɗe ana hawa a gida.

Kafin a je kallon ko mota ɗaya, abin da na fara gaya mata shi ne sabon direba ba ya jin ciwon mota. Idonsa na kan titi, hankalinsa na kan ƙafarsa kada ta rikita birki da totur, kunnensa na kan hon ɗin ɗan kabu-kabun da ke bayansa. Ba shi da sauran hankalin da zai lura allurar zafi ta hau, ko wata ƙara ta fito a ƙafar gaba wadda jiya babu ita. Tsohon direba zai iya lallaɓa mota mai ciwo shekara biyu, don ya san lokacin da take fara gardama. Sabo kuwa zai kashe ta cikin wata biyu bai ma san ya yi ba. Saboda haka motar farko ana zaɓenta ne daidai da rashin sanin mai ita: wadda take haƙuri da kuskure, wadda kowane bakanike a gari ya san cikinta, wadda kuma ba za ta cinye kuɗin gaba ɗaya ranar saye ba. Da wannan mudu aka auna duk motar da aka kawo.

Shawarwarin cikin gida

Ƙanenta ne ya fara kawo tasa. Honda Accord ce ta 2004, irin wadda ake kira EOD, baƙa, kujerun fata, inji mai silinda shida, a kan naira miliyan 3 da dubu 600. "Yaya, wagga mota ko likita ya gan ki ciki sai ya gaishe ki," in ji shi. Motar tana da kyau, ba a musu. Amma mun zauna mun yi lissafi a takarda. Tsakanin asibiti, makarantar yara, kasuwa da zuwa Yabo, za ta ci kusan kilomita 700 a wata. Accord mai silinda shida tana shan kusan lita 13 a kowane kilomita 100 cikin gari, Corolla mai inji 1.8 kuwa kusan lita 9. Wato lita 91 da lita 63. Bambancin lita 28 ne duk wata, a farashin wancan lokaci sama da naira 300,000 ke nan a shekara, daga albashin ma'aikaciyar jinya. Ban da wannan, an san giyar otomatik ta masu silinda shida na waɗannan shekaru da rauni, kuma an san Accord a hanyoyinmu da cin boljoyin na ƙafar gaba. Duk wanda ya daɗe a titi ya taɓa ganin Honda ta durƙusa, taya ta karkace waje. Kafin ta kai ga haka tana yin ƙara ta gargaɗi, sai dai gargaɗin sai mai kunne. Zan faɗi wani abu a nan don na sha ganinsa: yawancin shawarar da maza ke ba mace in za ta sayi mota, shawara ce ta wanda yake sa ran shi zai riƙa hawa. Ba lallai da mugun nufi ba, amma ya kamata macen ta sani.

Maigidan ya fi son Peugeot 406, irin ta mahaifinsa. Wannan ra'ayi ne da nake girmamawa. An haɗa 406 a kamfanin PAN na Kaduna, tana zama daram a kan doguwar hanya, kuma Arewa ba ta rasa kanikawan Peugeot. Sai dai wadda aka samu a kan miliyan 3 ta sha hannu, wayoyinta duk ɗauri ne, kuma injinta da bel yake aiki, wanda in ya tsinke ana cikin tafiya yakan tafi da bawuloli. Babbar matsalar kuma giyar hannu ce. A makarantar tuƙi da ita ta koya, kuma ta faɗa da bakinta cewa mota na mutu mata duk lokacin da za ta tashi. Mace da yara uku a baya, mota ta mutu mata a Rawun Mairuwa da tsakar rana, 'yan kabu-kabu na danna hon ta kowane gefe, a irin wannan ruɗewa ake taka totur a maimakon birki. Giyar hannu ta fi arahar gyara, gaskiya ne, amma otomatik na rage wa sabon direba aiki guda daga cikin waɗanda suka yi masa yawa. Maigidan bai gamsu ba, amma ya ce tunda ita za ta tuƙa, a bi abin da hankalinta ya kwanta da shi.

Motar da ta fi ɗaukar hankali

Ta uku ce ta kusa raba ta da kuɗinta. Wani dillali ya kawo Corolla ta 2010, fara tas, cikinta ko tabo babu, a kan miliyan 6 cif. A kasuwar lokacin irinta ta fi haka nesa ba kusa ba. Ta kira ni da murna: "Kawu, na samu." Da na tambayi takardun kwastan, sai dillalin ya ce, "Alhaji, takardu ba komi na ba, ga lamba nan jikinta, babu mai tsai da Hajiya."

A nan ya kamata duk mai sayen mota a Sakkwato ya tsaya. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Mu kuwa Illela na nan kusa, Birnin Ƙonni na tsallake, kuma hanyoyin daji daga Kwatano ta cikin Nijar ba su da iyaka. Motar da ta biyo ta nan ba a biya mata haraji ba, shi ya sa take araha. Lambar da ke jikinta ba hujja ba ce, domin rajistar lamba daban, harajin kwastan daban, kuma ana samun lamba da takardun jabu. Jami'an kwastan na da ikon kama motar da ba a biya wa haraji ba ko a hannun wa suka same ta. Mai yawo cikin unguwa zai iya shekara ba a taɓa shi ba. Amma ran da ya kama hanyar Gusau ko ta Jega, ya faɗa shingen bincike, ranar zai gane abin da ya saya. Dillalin ya riga ya ci la'adarsa, wanda ya sayar ya sauya lambar waya.

Maganin abin ba shi da wuya. Kowace mota na da lambar casis mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A duba ko ta yi daidai da wadda ke cikin takardu, harafi da harafi, sannan a ɗauki takardar kwastan a kai ofishinsu su tantance kafin a ba da ko sisi. Mun ce wa dillalin mu je tare. Ya ce sai gobe. Goben nan har yau ba ta yi ba. 'Yar tawa ta yi kwanaki tana jin zafin rabuwa da motar, kuma ban ga laifinta ba, don ita ce mafi kyau cikin duk waɗanda ta gani. Ko da takardunta sun cika ma, da na hana, saboda za ta bar ta ba ko kuɗin taya.

Ranar duba mota

Daga nan aka koma wurin wani dattijon bakanike a Buzaye, wanda ya ƙware a Toyota. An yi sharaɗi tun farko: ita za ta biya shi kuɗin dubawa, kuma ba shi da kaso a la'ada. Wannan sharaɗi yana da nauyi, domin bakaniken da dillali ya kawo, dillali yake yi wa aiki. Shawararsa ita ce a nemi Corolla ta tsakanin 2003 da 2008, ko Pontiac Vibe, wadda injinta da giyarta na Toyota ne. Injin nan mai suna 1ZZ da sarƙa yake aiki ba bel ba, kayansa sun cika kasuwa, sabo da na Beljiyam, kuma ko a Yabo ta lalace za a samu mai kwance shi. Aibinsa shi ne na shekarun farko sukan sha baƙin mai in sun tsufa, don haka ya ce a fi karkata ga na 2005 zuwa sama.

Corolla ta farko da aka kawo sabon fenti ne da ita, sai walƙiya take. Dattijon bai ko kalli fentin ba. Ya sa hannu ya taɓa injin, ya ji da ɗumi, ya ce a dawo da ita gobe da sassafe ba a tayar ba, don inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Washegari ana murɗa makulli, tun kafin inji ya tashi, sai fankar lagireto ta kama juyawa. An haɗa ta kai tsaye da makulli ke nan, abin da ake yi wa motar da ta saba zafi. Ya buɗe murfin lagireto, ruwan ciki ja ne na tsatsa, kuma da inji ya tashi sai kumfa ta riƙa tasowa. "Hajiya, wagga an taɓa dahwa ta," ya ce. Fitilar gargaɗin inji ma ba ta kama ba sam lokacin da aka murɗa makulli, alhali ya kamata ta kama sannan ta mutu in inji ya tashi. An cire ƙwanta ne don a ɓoye ciwo. Da ya leƙa ƙasa kuma, abin tace hayaƙi na cikin salansa, wanda kanikawa ke kira indomi, an yanke shi an sayar.

Vibe ɗin da aka gani lafiyarta ƙalau, amma mai ita ya tsaya a kan kuɗin da zai share asusun. An wuce.

Wadda aka saya Corolla ce ta 2006, ta wani malamin makaranta da ya yi ritaya. Rana ta cinye fentin rufinta da bonet, kujerar direba ta yage a gefe. Amma ta tashi da bugu ɗaya ba hayaƙi, ƙarƙashin murfin baƙin mai babu farin kumfa, casis ba alamar walda, giya na shiga ba fizga. An sa mata na'urar kwamfuta, ba ta nuna wani abin tayar da hankali ba. Sannan aka yi mata jarrabawar da ta fi kowace muhimmanci a garin nan: aka bar ta a tsaye cikin rana bayan azahar, inji na aiki, esi a kunne, ana kallon allura. Ba ta wuce tsakiya ba. Takardar kwastan ta asali na nan, an kai an tantance. An daidaita a kan miliyan 4 da dubu 900, aka rubuta takardar ciniki da shaidu, da hoton katin shaidar mai sayarwa.

Abin da ragowar kuɗin ya yi

Cikin miliyan 1 da dubu 100 da suka rage, kusan dubu 700 sun tafi a makonnin farko, kuma a ganina su ne kuɗin da aka fi kashewa bisa hanya a duk cinikin. Tayoyin motar suna da zane, ido zai ce lafiyarsu lau, amma a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Nata sun nuna 2017. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, kuma kwaltar hanyar Bodinga a watan Afrilu ba ta raga wa tsohuwar roba. An sauya duka huɗun. An juye baƙin mai, an sauya fulogi da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, an duba birki.

Sai maganar sanyaya inji, inda na fi tsayawa. A Sakkwato zafi na haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, kuma da wannan hujja kanikawa da yawa ke cire tamostat, su ce na ƙasar sanyi ne. Wannan motar ma an cire mata. Tamostat ɗan bawul ne da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 da 'yan kai, sannan ya buɗe. In babu shi, inji na daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da safiyar hunturu da kuma a gajerun tafiye-tafiye irin nata, sai kwamfutar motar ta riƙa ƙara mai, inji na saurin cinyewa. Cire shi kuma ba ya warkar da zafin da toshewar lagireto ko mutuwar fanka ta kawo, ɓoye shi kawai yake na ɗan lokaci. Haka zuba ruwan rijiya ko na burtsatse a lagireto: yana barin tsatsa da ƙasa-ƙasa da ke toshe ƙananan hanyoyin ruwa a hankali. An wanke lagireton, an mayar da tamostat, an zuba ruwan sanyaya inji na gaske mai launi, an sauya murfi da robobin ruwa.

Takardu ba su ɗauki dogon lokaci ba. An sauya sunan mai mota a ofishin rajista, an yi inshorar da doka ta wajabta, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar naira 15,000 tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da aka yi wa wani har naira miliyan 3. An yi ta ne a kamfanin inshora, aka kuma duba a intanet cewa ta shiga rajista, don ta bakin titi sau da yawa takarda ce kawai. Da 'yan sanda suka fara matsa lamba a kan inshorar nan daga 1 ga Fabrairu 2025, ita ba abin da ya dame ta. Lasisinta ma ta bi hanyarsa: makaranta, gwajin jami'an duba motoci na VIO, ɗaukar hoto da yatsu.

Kafin ta fara fita ita kaɗai, dattijon ya koya mata abu uku kacal, ya ce sauran za su zo da kansu. Ta kalli allurar zafi duk lokacin da ta tsaya a danja ko cunkoso. Ta zaro sandar awon baƙin mai duk ranar Asabar kafin ta tayar da mota. In jar fitila ta kama, ta tsaya, kada ta ce bari in ƙarasa gida. Ni kuma na ƙara mata da cewa yara duka a baya, da bel, komai kukan ƙaramin.

Bayan saye

Watannin farko sun zo da abin da aka zata. Ta goga gefen motar a ginshiƙin ƙofar gida, wani mai Keke Napep ya ɓare mata madubi, ta hau dakali tana ja da baya a asibiti. Da farar Corollar nan ce, kowane tabo sai ya hana ta barci, wataƙila ma ta ji tsoron fita. A kan tsohon fenti kuwa ba wanda ya lura, kuma hannunta ya faɗa da wuri saboda ba ta tuƙi cikin fargaba. Ta so ta yi sabon fenti tun farko, aka ce ta bari sai ta shekara.

Jarrabawar gaske ta zo a Afrilu. Tana cikin cunkoso kusa da babbar kasuwa da rana tsaka, ta kalli allura kamar yadda aka koya mata, ta ga ta wuce inda ta saba tsayawa tana neman ja. Ta gangara gefe, ta kashe inji, ta kira bakanike. Masu taimako sun taru, wani ya kawo ruwa a jarka yana cewa a buɗe lagireto a zuba, ta ƙi, don an gaya mata murfin lagireto mai zafi na watsa tafasasshen ruwa a fuska. Injin fanka ne ya mutu, an sauya shi a ranar. "Da kin matsa da ita har Mabera, da gaskit ya tahi," in ji dattijon. Kuɗin fanka da kuɗin sauke kan inji don sauya gaskit ba su haɗa hanya ba, kuma abin da ya rage a asusunta ya biya ba ta ci bashi ba.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Motar ta kusa shekara ashirin, kuma shekaru ba sa ɓuya. Esinta na yoyon gas, sai an ƙara kafin kowace bazara. Tana rage baƙin mai kaɗan tsakanin juye da juye. Da damina, in ruwa ya kwanta a wasu layukan Mabera, ajiye ta take yi ta nemi Keke Napep, domin Corolla ba ta da tsayi, kuma ruwa in ya shiga ta hanyar shaƙar iska inji ya gama. Kuɗin mai ma, duk da an zaɓi mai ƙaramin ciki, yana cin wani babban yanki na albashinta, har ta koma haɗa aike-aikenta a fita ɗaya.

Maganar aro ce ta fi wuya, don ta shafi zumunci. Ƙanen ya zo neman makulli tun makon farko. Ta ce masa motar ba ta kwana a waje, kuma ba mai tuƙa ta sai mai lasisi. Ba shi da shi, ya yi fushi, ya kai ƙara Yabo. Mahaifiyar ta goyi bayan 'yarta, maigidan ma haka, duk da har yanzu in hira ta biyo ta kan motoci yana cewa 406 ta fi daɗin hanya. Yaron ya shiga makarantar tuƙi daga baya.

Abin da ke gabanta yanzu shokozoba ne na gaba, waɗanda suka fara sanyi, da juyen man giya. Dattijon ya ce a yi man giyar da irin wanda Toyota ta rubuta a jikin sandar awonsa, kada a yarda da na cikin gorar ruwa da ake aunawa a bakin gareji, ko da ya fi araha. Ta ware kuɗin daga kwasar adashinta mai zuwa, fentin kuma ta ɗage shi zuwa bayan damina.